Shekara Guda da 'Yan Aji Shida a Makarantar Coci

A watan Satumba na shekarar 2023 aka ɗauke ni daga aji uku aka damƙa mini aji shida a makarantar firamare ta cocinmu da ke gefen garin Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna. A irin makarantunmu malamin aji shi ne kusan komai, domin shi ke koyar da Turanci da lissafi da kimiyya da addini, shi ke kiran suna da safe, shi ke cika takardar sakamako, kuma shi iyaye suke nema idan yaro ya koma gida da kuka. Saboda haka wanda ya riƙe aji ɗaya tun daga farkon shekara har ƙarshenta yana ganin abin da malamin darasi ɗaya ba ya gani, wato yadda darussan suke jingine da juna, da kuma yadda raunin yaro a wuri guda yake bin sa zuwa cikin dukkansu.

Abu na farko da hedimasta ya miƙa mini shi ne manhaja. Mutane da yawa suna zaton makarantar coci tana da nata karatun dabam, amma ba haka abin yake ba. A wannan shekara muna bin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara wadda NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ta tsara, wadda aka yi wa gyara aka soma aiki da ita a 2014, kuma a cikinta aji huɗu zuwa shida su ne matakin tsakiya. A wannan mataki, a lokacin, yaro yana ɗaukar Turanci, lissafi, harshen gida guda ɗaya, wanda a wurinmu Hausa ce, sai kimiyya da fasaha tare da kwamfuta da motsa jiki, sai zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa da tsaro, sai al'adu da zane-zane, sai noma da tattalin gida, sai Faransanci. Darasin addinin Kirista ya taɓa zama a ƙunshe cikin rukuni ɗaya da zamantakewa, amma bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2017 aka raba shi ya tsaya da ƙafarsa, haka ma na addinin Musulunci. Abin da coci ya ƙara a kan wannan shi ne sujadar safe, da ayar haddacewa ta kowane mako, da kuma irin idon da ake sa wa tarbiyya.

Kafin yara su dawo hutu na zauna na rarraba manhajar zuwa zango uku, kowane zango kuma mako-mako, na bar gurbin bita da na jarrabawa a ƙarshe. Daga wannan jadawali ake fitar da shirin darasi, wanda dole ne ya isa teburin hedimasta kowace Litinin da safe ya sa hannu da jan biro kafin malami ya shiga aji da shi. Ranar da ya duba jadawalina na farko ya ce, "Malama, kin cika makon farko da darasi. Ki bar shi fayau, ki fara jin karatunsu tukuna." Na ce, "To, Yallaɓai." Haka kuwa aka yi, kuma wannan mako shi ya tsara mini sauran shekarar.

Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, su talatin da 'yan kai, na ba kowane ɗan sakin layi na Turanci daga littafin aji huɗu ya karanta da ƙarfi, sa'an nan na rufe littafin na tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa. Kusan dukkansu sun karanta ba tare da gargada mai yawa ba, wasu ma da murya mai daɗi kamar masu karanta sanarwa a coci. Da aka zo tambaya sai aji ya rabu. Kaɗan ne suka iya faɗin abin da suka karanta da kalmominsu, wasu suka maimaita jimlar farko daga ka, wasu kuwa suka sunkuyar da kai. Amma idan na ba da labarin nan da Hausa, na yi tambayoyin da Hausa, hannuwa sai su tashi ko'ina. Yaran nan a gida wasu harshen Jju suke yi, wasu Tyap, wasu Gworok, wasu Hyam, a kasuwa da filin wasa da sujadar Lahadi kuwa Hausa ce ta haɗa su, ga shi kuma za a yi musu jarrabawa da Turanci. Gwamnatin tarayya ta amince a ƙarshen 2022 cewa a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen gida, amma a wannan shekara ba mu ga littafi ko ɗaya da aka rubuta don haka ba, kuma dokar makarantarmu ta hana yin wani harshe in ba Turanci ba a harabar makaranta. Na nemi izini na riƙa yin bayani da Hausa a duk inda na ga idanu sun yi fari-fari, sa'an nan in dawo da maganar cikin Turanci su rubuta. Hedimasta ya yarda, da sharaɗin cewa abin da zai shiga littafin rubutu ya zama Turanci tsantsa.

Ranar makaranta tana farawa da taron safe. Yara su jeru aji-aji, a rera waƙa ɗaya ta Turanci da ɗaya daga littafin waƙoƙin Hausa, a karanta Nassi, a yi addu'a, sa'an nan taken ƙasa da alkawarin biyayya ga ƙasa, a duba farce da haƙora da takalma. 'Yan aji shida ne ke karanta Nassin bi da bi, kuma na ɗauki wannan a matsayin darasin karatu na gaske, domin yaron da zai tsaya gaban makaranta duka ranar Laraba yakan zo wurina tun Litinin ya ce, "Malama, ki ji mini ko na iya." Ba na barinsa sai ya gaya mini wane ne ke magana a ayar, da wa yake yi, kuma me ya faru kafin nan.

Darasin addini na aji shida ya fi karkata ga Ayyukan Manzanni, musamman rayuwar Bulus: tsananta wa masu bi da ya yi, tubansa a hanyar Dimashƙu, da tafiye-tafiyensa na bishara. Kafin mu shiga ciki mun yi bitar littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabo, har kowa ya iya buɗe sura da aya ba tare da leƙa teburin abin da ke ciki ba. Tafiye-tafiyen Bulus kuwa da taswira muka yi su. Na zana Bahar Rum a kan babban kwali, yara suka sa ɗigo a Antakiya da Kubrus da Filibi da Atina da Korinti da Afisa, suka ja zare daga wannan gari zuwa wancan har tsibirin Malta, inda jirgin ya farfashe a hanyar Roma. A nan suka koyi gabas da yamma da kudu da arewa, da bambancin tsibiri da gaɓar teku, abubuwan da darasin zamantakewa zai nema daga gare su makonni kaɗan bayan haka. Na kuma sa su riƙa karanta sura guda a Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci a jere. Kusan kowane gida yana da na Hausan, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932, kuma shi ne littafi ɗaya tilo da na tabbata yaro zai same shi a harsuna biyu ba tare da an sayi wani sabo ba.

Akwai yara Musulmi 'yan kaɗan a ajin, 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata da suka zaɓi makarantar saboda kusanci da kuma karatunta. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, kuma sashen ya ba ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da take ɗauke da nauyinta. Abin da makarantarmu take yi shi ne ta zauna da iyaye tun ranar ɗaukar yaro a yi magana a fili. A ajina an ba waɗannan yara wani aiki na karatu a lokacin darasin, ba a sa su haddar aya ba, kuma ba a lissafa musu makin addini cikin jimlarsu ba. A ganina wannan shi ne daidai, ko da yake na san makarantun da ba sa yin haka.

Lissafi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi tona asirin raunin karatu. Idan na rubuta lambobi zalla a allo, a tara ko a ɗebe ko a ninka ko a raba, yawancinsu sukan samu. Da zarar an lulluɓe lambobin nan cikin jimlolin Turanci, an ce wani ya sayi kaza ya sayar kaza, sai yaro ya tara duk lambar da ya gani ya miƙo littafi. Manhajar ta ƙunshi lambobi har zuwa miliyoyi, lambobin Romawa, ɓangarorin lamba, kashi cikin 100, riba da faɗuwa, kuɗin ruwa, faɗin fili da kewayensa, kusurwoyi, saurin tafiya da matsakaicin lamba. Shekarar ta zo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashi yana tashi kusan kowace ranar kasuwa, don haka ban sha wahalar neman misali ba. Na sa kowane yaro ya tambayi mahaifiyarsa kuɗin mudun masara ko shinkafa a farkon zango da kuma yanzu, ya zo mu fitar da kashi nawa cikin 100 ya ƙaru. Yaran da suke taya iyayensu tsaron shago sun riga kowa ganewa, har wata yarinya da ba ta cika magana ba ta gyara wa ɗan gaban aji lissafin riba, ta ce ai bai cire kuɗin mota ba.

Darasin da na fi tunawa a kan kashi cikin 100 daga labarin Yusufu ya fito. A sura ta 41 ta Littafin Farawa, Yusufu ya ba Fir'auna shawarar a tara ɗaya bisa biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi saboda shekaru bakwai na yunwa. Na tambaye su: idan manomi ya samu buhu 40, nawa zai kai rumbun sarki? Suka raba suka samu 8. Na ce to a cikin buhu 100 fa? Suka ce 20. Daga nan suka ga da kansu cewa ɗaya bisa biyar da kashi 20 cikin 100 abu ɗaya ne, ba tare da na ba su wata ƙa'ida su haddace ba. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, hatsin da zai yi shekara bakwai a ajiye, ƙwari ba za su cinye shi ba?" Wannan tambaya ce ta buɗe mana darasin noma na makon, inda muka yi magana a kan shanya hatsi har ya bushe sarai, da ɗora buhuna a kan katako don kada su sha danshi, da buhun da ba ya shan iska wanda ake adana wake a ciki, da haɗarin barbaɗa wa abinci maganin ƙwari barkatai.

Noma ba baƙon abu ba ne a wurin yaran nan, kuma a wannan shekara maganarsa tana da zafi, domin a daminar 2023 wata cuta ta afka wa citta a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko ta ruɓar da gonaki masu yawa, kuma akwai iyayen da kuɗin makarantar 'ya'yansu a cikin cittar nan yake. Mun yi bayanin yadda cutar tsiro take yaɗuwa ta iri da ƙasa da ruwa, da dalilin da ya sa ake sauya shuka a gona. A ɗan filin da ke bayan aji muka yi kunyoyin alayyafo da kuɓewa, kowane rukuni ya auna tsawon kunyarsa da faɗinta ya fitar da faɗin filin, ya kuma riƙa rubuta tsayin shukar kowane mako cikin jadawali.

A kimiyya mun bi duniyoyi takwas da ke kewaya rana, da juyawar duniya a sa'a 24 da kewayenta a kwana 365 da rubu'i, da zuciya mai ɗakuna huɗu da zagayawar jini, da maganaɗisu, da ƙananan na'urori irin su kura da gangara, da sauye-sauyen balaga. Ba mu da ɗakin gwaji, amma gani ya kori ji: da tocila da lemo muka nuna dare da rana bayan mun rufe tagogi, kuma da gorar roba da tsakuwa da yashi da gawayi muka tace ruwan kwata har ya yi garau, sa'an nan na nanata musu cewa garau ba ya nufin za a iya shan sa, sai an tafasa. Sun koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A darasin duniyoyi ne wata yarinya ta tambaya yadda za a daidaita wannan da kwana shida na halitta. Na gaya mata cewa Littafin Farawa yana koya mana wanda ya yi duniya da matsayin mutum a cikinta, kimiyya kuma tana bincika yadda abubuwan suke aiki, kuma Kiristoci masu ilimi sun daɗe suna tattauna yadda za a fahimci kwanakin nan. Ban ga amfanin tsawata wa mai irin wannan tambaya ba. Darasin balaga kuwa raba aji muka yi, na ɗauki 'yan mata, wani malami ya ɗauki maza, bayan an sanar da iyaye a taron iyaye da malamai.

A zamantakewa sun haddace jihohi 36 da manyan biranensu, da ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna daga cikin 774 na ƙasa, da rassan gwamnati uku, da shekarun 1914 (haɗe Arewa da Kudu) da 1960 (samun 'yancin kai) da 1963 (zama jamhuriya). Na ƙara musu da tarihin da ke kusa da su, wato gumakan yumɓu na Nok da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza a ƙasar Jaba, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, da yadda mahaɗar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan gari. Kwamfuta kam yawancinta a allo muka yi ta, saboda na'urorin kaɗan ne, wuta kuma ba ta da tabbas. Faransanci ya tsaya a gaisuwa da ƙirga da kwanakin mako, a hannun wani ɗan bautar ƙasa da ya tafi kafin shekara ta ƙare. Darasin Hausa ya fi waɗannan armashi: sun iya magana sarai, amma rubutu sai a hankali, musamman haruffa masu lanƙwasa da rabon kalmomi, don haka na sa su rubuto tatsuniyoyi da kacici-kacici daga bakin kakanninsu muna gyarawa tare.

Makin kowane darasi kashi biyu ne a wurinmu, 40 na gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, 60 na jarrabawar ƙarshe. Bayan makin akwai gurbin hali a takardar sakamako, inda ake duba gaskiya da tsabta da zuwa a kan lokaci da zama da mutane, kuma na lura iyaye da yawa nan suke fara dubawa. A taron zango na farko wani uba ya ce mini, "Malama, ɗan wana daga aji biyar ya wuce sakandare, me ya sa nawa zai ɓata shekara?" Na ce, "Baba, ba ɓata shekara ba ne." Na nuna masa littafin lissafin ɗansa na watan Satumba da na Disamba ya gwada da idonsa. Wannan ɗabi'a ta tsallake aji shida ta yi yawa a makarantu masu zaman kansu, kuma ina ganin cutar da yaro take yi, domin riba da faɗuwa da kuɗin ruwa da rubutun wasiƙa da insha'i duk a wannan aji suke nuna, kuma malamin sakandare ba zai koma baya ya koyar da su ba.

Daga zango na biyu hankali ya koma kan jarrabawar shiga sakandare, musamman wadda hukumar jarrabawa ta NECO take shiryawa don makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya. Rajistarta ta intanet ake yi, don haka muka tattara hotuna da takardun haihuwa, muka zauna da iyaye a kan zaɓin makarantu, kuma na bi sunan kowane yaro harafi-harafi kafin a tura, saboda gyaran suna daga baya wahala ce. Jarrabawar ta zaɓi-ɗaya ce, ana cike gurbi da fensir, kuma bayan Turanci da lissafi da kimiyya da zamantakewa akwai gwajin kaifin basira na lambobi da na kalmomi. Babu tambayar haddar aya a ciki, abin da ya sa wasu iyaye suka nemi a rage lokacin addini a ƙara na bita. Hukumar makaranta ba ta yarda ba, sai dai ta ƙara darasin yamma da na safiyar Asabar. Mun yi tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba, na koya musu su karanta tambaya har ƙarshe kafin su dubi amsoshi, su tsallake wadda ta gagara su dawo mata, su kuma tabbata lambar tambaya ta yi daidai da lambar gurbin da suke cikewa. Fasto ya zo ya yi musu magana a kan satar amsa, hedimasta kuma ya faɗa wa iyaye a fili cewa makarantar ba za ta karɓi ko sisi don a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa ba.

Ana cikin wannan shiri, a ranar 29 ga Mayu 2024, aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Ni kaina ban taso da shi ba. Wani dattijon coci, tsohon malami, shi ya zo taron safe ya koya mana muryarsa, malamai da yara gaba ɗaya, muka rubuta baitocin a allo muka bi ma'anarsu layi-layi kamar kowane darasin fahimta.

Bayan jarrabawa sauran makonnin sun tafi a kan kammala manhaja, da jarrabawarmu ta cikin gida, da shirin bikin yaye ɗalibai, inda 'yan ajin suka yi wasan kwaikwayo na Bulus da Sila a kurkukun Filibi, rabi da Turanci rabi da Hausa, kuma su suka rubuta maganganun da kansu. Kafin a rufe makaranta na sake kiransu ɗaya bayan ɗaya na ba su sakin layi daga littafin aji shida wanda ba mu taɓa karantawa ba. Yawancinsu sun iya ba ni ma'anarsa da Turancinsu, ko da akwai kurakuran nahawu, amma akwai 'yan kaɗan da har yanzu sai an fassara musu, kuma na rubuta wa iyayensu haka ƙarara a takardar sakamako, tare da shawarar a sa su karatu da ƙarfi a gida lokacin hutu. A taron malamai na ƙarshen shekara na ba da shawarar a riƙa yin gwajin karatun nan tun daga aji huɗu, a kuma miƙa sakamakonsa ga malamin aji na gaba tare da rajista. An amince, aka ɗora wa ni da malamin aji biyar alhakin zaɓo sakin layin da za a yi amfani da su a watan Satumba.